Me ya sa tsawa ke kashe shanu ba tare da ta taɓa su ba?

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, duk wanda ke noma a ƙasar Maraɗi ya san yadda hadari ke tasowa daga watan Yuni zuwa Satumba. Yawanci daga gabas yake fitowa, da la'asar ko cikin dare, jar ƙura a gaba, ruwa a baya, tsawa tana rakiya. Da wuya damina ta wuce ba a ji labarin tsawa ta faɗa wa wani icce ba, a wayi gari a tarar da shanu ko tumaki kwance kusa da shi, matattu. Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne, sau da yawa in an duba dabbobin ba a ganin ƙuna ko rauni a jikinsu. Iccen ne ya tsage. Su kuwa suna nesa da shi da taki goma ko ashirin. To, me ya kashe su?

Amsar tana ƙarƙashin ƙafafunsu, cikin ƙasar da suke tsaye a kai. Darasinmu na yau yana magana ne a kan yadda wutar lantarki ke tafiya cikin ƙasa, da yadda tafiyar tata ta bambanta da wadda take yi cikin ƙarfe. A karanta shi sannu-sannu, domin akwai lissafi kaɗan a ciki.

Caji, da abin da ke tura shi

Ku dubi pil ɗin da kuke sa wa rediyo ko cocila. A kai ɗaya akwai alamar ƙari (+), a ɗaya kan akwai alamar ragi (−). Waɗannan alamomi suna nuna iri biyu na abin da masana ke kira caji. Kowane abu a duniya, da dutse da ruwa da jikin mutum, yana ɗauke da iri biyun nan, amma da yake sun yi daidai da juna ba mu jin komai. Ƙa'idarsu guda ce: iri ɗaya suna gudun juna, iri dabam suna neman juna.

Lokacin hunturu, in kun yaye bargo cikin duhu, kukan ga ƴan tartsatsi suna ƙyas-ƙyas. Gogayya ce ta raba cajin, ya taru a wuri ɗaya, bushewar iska ta hana shi zurarewa, har ya yi tsalle. Walƙiya ita ce babbar yayar wannan tartsatsi. Wani Ba'amurke mai suna Benjamin Franklin ne ya kawo shawarar yadda za a gwada haka, aka kuma tabbatar da maganarsa a Faransa a shekarar 1752.

Akwai kalmomi uku da za mu riƙe. Ta farko ita ce volt. Ku ɗauke shi kamar bambancin tsayi tsakanin tudu da kwari: in bambancin ya yi yawa, ruwa yakan gangaro da ƙarfi. Pil ɗaya volt ɗaya da rabi ne, kuran na gida volt 220. Ta biyu ita ce ampiya, wato ma'aunin yawan wutar da ke gudana, kamar yawan ruwan da ke bin gulbi. Ta uku ita ce filin lantarki, wato ƙarfin da ke tura caji a wani wuri. Shi ne tsananin gangaren: volt nawa ake samu tsakanin nan da mita ɗaya a gaba. Inda babu gangare, babu fili, babu abin da ke tura caji.

Halin ƙarfe

Cikin ƙarfe, musamman jan ƙarfe da ake yin wayar lantarki da shi, caji yana yawo kusan ba tare da wani abu ya tare shi ba. Masana sukan ƙaddara wani abu da ba ya tare caji ko kaɗan, su kira shi cikakken mai ba da hanya. Jan ƙarfe bai kai haka ba, amma ya yi kusa ƙwarai.

Irin wannan abu yana da halaye uku, kuma duka daga tushe ɗaya suke. In aka zuba masa caji, tun da iri ɗaya suna gudun juna, sai kowane ya nisanci ɗan'uwansa iyakar iyawa, su ƙare duka a fatar waje. Cikinsa ba ya riƙe rarar caji. Na biyu, da zarar cajin ya zauna, babu filin lantarki a cikinsa, domin da akwai, da cajin ya ci gaba da motsi har sai ya shafe shi. Na uku, ko'ina a jikinsa volt ɗaya ne, kamar ruwa cikin kwarya da ya natsa, babu gefen da ya fi wani tsayi.

Wani masani na Ingila, Michael Faraday, ya gwada wannan da jikinsa a shekarar 1836. Ya gina ɗaki kamar akwati, ya lulluɓe shi da waya da fallen ƙarfe, ya shiga ciki da kayan awonsa, aka cika bangon da caji har tartsatsi na tashi daga waje. A ciki kayan awon ba su nuna komai ba.

Wannan shi ne dalilin da ya sa mota mai rufin ƙarfe, wadda aka rufe gilasanta, take cikin wuraren da suka fi aminci lokacin tsawa. Wutar takan bi jikin motar ta waje ta sauka ƙasa. Mutane da yawa suna zaton tayoyin roba ne ke kare su. Wutar da ta keto kilomitoci cikin iska, tafin hannu ɗaya na roba ba zai tsayar da ita ba. Don haka babur, da adaidaita mai buɗaɗɗen gefe, da amalanke mai tayar mota, ba su kare kowa.

Halin ƙasa

Ita ƙasa fa? A wasu al'amura takan yi kamar ƙarfe. In aka sa caji a cikinta, kafin ƙiftawar ido ya watse ya koma sama-sama, a fuskarta. Duniyar nan tamu ma tana ɗauke da cajin ragi a fuskarta kullum. A ranar da gari ya yi garau, a fili, akwai kimanin volt 100 tsakanin ƙasa da iskar da ke sama da ita da mita ɗaya. Ba mu jin sa, saboda iska ba ta barin wuta mai yawa ta bi ta, jikinmu kuma yana haɗe da ƙasa. Hadarurrukan da ke tashi ko'ina a duniya, masu yin walƙiya fiye da 40 a kowace daƙiƙa, suna cikin abubuwan da ke sabunta wannan caji.

Can ƙarƙashi kuma, daga zurfin kimanin kilomita 2,900, cikin duniya ƙarfe ne narkakke mai motsi. Wutar lantarkin da ke zagaya a cikinsa ita ce ke sa allurar kamfas ta nuna arewa. Amma wannan ya yi mana nisa. Rami mafi zurfi da ɗan Adam ya taɓa haƙawa da na'ura kai tsaye zuwa ƙasa, a arewacin Rasha, bai wuce kilomita 12 da ƴan kai ba. Abin da ya shafe mu shi ne ƙasar da muke takawa.

A nan ne bambanci yake. Rairayi da dutse, su kansu, ba su ba wuta hanya. Abin da ke ɗaukar wuta cikin ƙasa shi ne danshi, wato ruwan da ke tsakanin tsabar rairayi, tare da gishiri da kanwar da suka narke a cikinsa. Saboda haka ƙasa tana barin wuta ta wuce, amma da gardama. Wannan gardama ita ake kira tirjiya. Jiƙaƙƙiyar lakar fadama, irin ta bakin Gulbin Maraɗi, ita ce mai sauƙin kai a cikin ƙasashenmu, duk da haka tirjiyarta ta fi ta jan ƙarfe kamar sau miliyan dubu. Busasshen rairayin jigawa kuma yana iya fin lakar sau ɗari ko fiye.

To, duk inda wuta ke gudana cikin abu mai tirjiya, dole a sami gangare, wato filin lantarki a cikin abin. Ƙarfe yana ɗaukar wuta mai yawa da gangare ɗan kaɗan. Ƙasa kuwa, in aka tura mata wuta mai yawa lokaci ɗaya, sai gangaren ya yi tsanani, har wuri biyu da ke kusa da juna su bambanta da dubban volt.

Lissafin taki

Gindin hadari yawanci cajin ragi ne ke taruwa a cikinsa. Yayin da ya zo bisa gona, sai ya kore cajin ragi na ƙasa ya jawo na ƙari. Wannan caji yakan hau duk abin da ya fi tsayi, kan gawo, kan giginya, kan turken eriya, ko kan mutumin da ke tsaye shi kaɗai a fili. In abin ya yi yawa, iska ta kasa riƙewa, sai hanya ta buɗe. Tsawa matsakaiciya tana ɗauke da kimanin ampiya 30,000, zafin hanyarta kuma yana kai digiri 30,000, wato ya ninka na fuskar rana kamar sau biyar.

Duk wannan wuta ta gindin icce ɗaya take shiga ƙasa, sannan ta bazu ta kowace fuska. Ku tuna da ƙofar filin kokawa in an tashi daga wasa: a bakin ƙofa ake matsatsi da turereniya, in an yi nisa kowa ya kama gabansa sai hanya ta saki. Haka wutar take. Kusa da iccen gangaren yana da tsanani, yana raguwa in ana nisa.

Ga lissafi na kusa, a ƙasa mai matsakaicin danshi. A nisan mita 10 daga iccen, tsakanin wuri biyu da ke da ratar mita ɗaya, ɗaya ta wajen iccen ɗaya ta baya, akwai volt fiye da 4,000. Saniya, tsakanin ƙafafunta na gaba da na baya akwai kamar mita ɗaya da rabi. In ta fuskanci iccen ko ta ba shi baya, volt kimanin 6,000 ke nan tsakanin ƙafafunta. Jikin dabba cike yake da ruwa mai gishiri, ya fi ƙasa sauƙin bi. Sai wani kashi na wutar ya hau ta ƙafafun gaba, ya ratsa ƙirji inda zuciya take, ya sauka ta na baya. Zuciya da ƴar wutar lantarki ta jiki take bugawa. In baƙuwar wuta ta ratsa ta, sai ta rikice ko ta tsaya. Shi ya sa ba a ganin ƙuna.

Mutumin da ya haɗe ƙafafunsa a wannan wuri, abin da zai samu bai kai volt 500 ba, kuma na ɗan lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Wanda ya buɗe ƙafa yana tafiya zai sami fiye da haka sau huɗu ko biyar. Wanda ya kwanta ya miƙe, ya mai da kansa kamar saniya. In aka ninka nisa, gangaren yakan ragu zuwa rubu'i: a mita 30, ratar mita ɗaya ba ta wuce volt 500 da kaɗan ba. A busasshiyar jigawa, kamar a ruwan farko kafin ƙasa ta sha, waɗannan lambobi suna iya ninkuwa sau da yawa.

A watan Agusta na 2016, a wani tsauni na ƙasar Norwe, tsawa ta kashe dabbobin dawa 323 masu kama da barewa, waɗanda suka cure wuri ɗaya saboda hadari. Likitocin da ke bin diddigin wannan al'amari sun nuna cewa, cikin mutanen da tsawa ke kashewa ko raunatawa, waɗanda take faɗa wa kai tsaye ba su wuce biyar cikin ɗari ba. Kusan rabi ta ƙasa take samunsu. Wani kaso mai yawa kuma daga jikin icce ko bango take tsallakowa ta same su. Da ƙasa cikakkiyar mai ba da hanya ce, da ba za a sami bambancin volt tsakanin ƙafa da ƙafa ba, da kuma garken da ke gefen icce ya tashi lafiya.

Abin da ya kamata a yi

Haske yana isowa nan take, ƙara kuwa tana cin kilomita ɗaya cikin daƙiƙa uku. In kun ga walƙiya, ku ƙirga. In kun kai talatin kafin ku ji tsawa, tana nesa da kilomita 10. In ba ku kai ba, kuna cikin inda za ta iya faɗawa. Gaskiyar magana, duk wanda ke jin tsawa da kunnensa lokacin tashi ya yi. Bayan tsawar ƙarshe kuma a jira minti 30 kafin a koma aiki.

Mun san wannan magana tana da nauyi ga manomi. Ruwan shuka ba ya jira, noman fari ma haka, gona kuma tana iya yin nisan tafiyar awa ɗaya daga gari. Amma ba za mu ɓoye muku ba, a fili babu wurin da ke da cikakken aminci. Dabarar da ta fi ita ce a bar gona tun hadari yana haɗuwa, kafin iska ta iso.

Mafaka ta gari ita ce babban gini mai ƙarfe cikin ginshiƙansa da wayoyin lantarki da aka haɗa da ƙasa, ko mota rufaffiya. Bukka, da rumfar kara, da rumfar kwano da ke kan itatuwa, suna kare ruwa ne kawai. Rufin kwanon da ba a haɗa shi da ƙasa ba yana karɓar wuta, sannan ta nemi hanyar sauka, wani lokaci ta jikin na ciki. In ɗakin da kuke da shi ke nan, ku zauna tsakiya, nesa da bango da ƙofa, kada ku kwanta a ƙasa. Ku cire wayar eriya, kada ku riƙe salular da ke haɗe da kuran tana caji. Ita salula kanta ba ta kiran tsawa.

In hadari ya rutsa da ku a daji, kada ku fake gindin icce, balle wanda yake shi kaɗai. Ku sauka daga kan tudu, ku fita daga ruwa, ku nisanci shingen waya. Ku aje hauya da sungumi, kada a saɓa su a kafaɗa. In kuna da yawa ku warwatsu, kowa ya ba ɗan'uwansa rata mai yawa, domin in ta sami ɗaya, saura su iya taimakonsa. Ku ci gaba da neman mafaka. In tafiya ta gagara, ku tsuguna, ƙafafu a haɗe, hannu bisa gwiwa, kada ya taɓa ƙasa. Wannan yana rage haɗari ne kawai. Dabbobi kuma kada a ɗaure su a gindin dogon icce ko a jikin waya da damina.

Kada wani ya ce, to bari in sare itatuwan gonata. Tun shekarun 1980 manoman jihar Maraɗi suka yi suna wajen rainon itatuwan da ke tsirowa cikin gonaki, gawo kuma kowa ya san amfaninsa ga hatsi. Iccen ya tsaya inda yake, mutum ne zai nisance shi in sama ta yi baƙi.

Malaman lakwal da shugabannin iyaye su lura. Ranar 28 ga Yuni 2011 tsawa ta kashe ɗalibai 18 a wata makarantar firamare ta ƙasar Uganda, suna fake cikin aji. Saboda su ne ake tunawa da wannan rana kowace shekara domin faɗakarwa a kan tsawa. Duk ginin da ke tara jama'a ya cancanci a sa masa sandar kare tsawa, mai kauri, wadda aka haɗa da ƙasa yadda ya kamata.

Wanda tsawa ta sama

A wurare da dama mutane suna tsoron taɓa wanda tsawa ta kayar, wai wutar tana nan a jikinsa. Darasin da muka yi ya isa ya kawar da wannan tsoro. Jiki yana ba wuta hanya, ƙasa ma haka. Kafin mutumin ya kai ƙasa, cajin ya riga ya wuce. Babu abin da zai sami mai taɓa shi. Jinkirin da ake yi shi ke kashe mutanen da za su iya tashi, domin a ƙasashen da ake ƙidaya, tara cikin goma na waɗanda tsawa ta sama suna rayuwa.

In mutane da yawa ne suka faɗi, a fara da wanda ya yi shiru kamar ya mutu. Mai kuka da mai motsi suna numfashi, za su iya jira. A kira shi, a dubi ƙirjinsa. In ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, a ɗora tafin hannu bisa ɗaya a tsakiyar ƙirji, a riƙa dannawa da ƙarfi, zurfin santimita 5, sau 100 zuwa 120 a minti. Bayan kowane danni 30 a ɗaga haɓarsa, a toshe hancinsa, a hura masa iska baki da baki sau biyu. Hura iskar tana da muhimmanci a nan, saboda zuciya takan farfaɗo kafin numfashi ya dawo. Kada a ɗura masa ruwa ko nono yana sume. Ko ya tashi ya ce lafiya lau yake, a kai shi likita, domin lahanin kunne da ido da zuciya yakan bayyana daga baya.

Amma a kula da bambanci guda. Wanda wayar kuran ta kama, muddin yana haɗe da wayar, wuta tana bin jikinsa. Shi kam sai an kashe wutar kafin a taɓa shi.

Game da gatarin aradu da ake tsinta a gona, wannan gatarin dutse ne da mutanen dā suka wasa da hannunsu tun kafin a san ƙira. Tsawa ba ta zuwa da dutse. Abin da takan bari cikin rairayi shi ne wani bututu mai kama da kwalba, inda zafinta ya narkar da shi. Ana samun irinsu a Saharar gabashin Nijar.

Wayar ƙasa a gida da garka

Bayan ambaliyar 1945, wadda ta cinye tsohon garin Maraɗi a cikin kwari, an mai da gari bisa tudu. Ruwa ya bar mutane, amma galibin gidaje yanzu a kan rairayi suke, rairayi kuma mun ga halinsa. Mai haɗa wuta na kirki yakan kafa sandar ƙarfe cikin ƙasa, ya haɗa ta da jikin firiji, injin niƙa ko famfo, domin in waya ta zube wutar ta bi nan maimakon jikin mutum. In sandar gajeruwa ce, tana zaune cikin busasshen rairayi, kusan ado ce kawai. Sai ta yi tsawon mita biyu ko fiye, ta kai ga danshi, ko a kafa da yawa a haɗa su. Gawayi da gishirin da ake zubawa cikin ramin suna taimakawa na ɗan lokaci, amma gishiri yana wankewa, yana kuma cin ƙarfe. A sa a auna tirjiyar sandar da bazara, lokacin da ƙasa ta fi bushewa. Ga sandar kare tsawa, ana son awon ya kasa om 10.

A Jiratawa, inda tun farkon shekarun 1980 ake noman rani da ruwan rijiyoyin burtsatse da famfunan lantarki, matsalar ta juya. Can ƙasa jiƙe take, mai ban-ruwa kuma sau da yawa ba takalmi, hannunsa da ruwa. Busasshiyar fata tana tare wuta sosai. Jiƙaƙƙiya kuwa takan bar tirjiyar jiki ta sauko zuwa kamar om 1,000. Volt 220 a kan om 1,000 yana ba da fiye da kashi ɗaya cikin biyar na ampiya, alhali kashi 3 cikin ɗari na ampiya ya isa ya fara zama haɗari ga rai. Saboda haka wayar da aka ɗaure da leda, tana kwance cikin kwali, ba abin wasa ba ce. A nemi makullin kariya mai yanke wuta da kansa da zarar ta fara zurarewa. In kuma iska ta tsinke babbar waya ta faɗo ƙasa, gangaren nan da muka yi bayani yana kewaye da ita, kuma shi ba ya wucewa kamar na tsawa. A nisance ta da mita 10 ko fiye. Wanda ya sami kansa kusa, ya fita yana jan ƙafafu a haɗe, kada ya yi dogon taki. A tsare yara da dabbobi, a sanar da ma'aikatan lantarki.

Neman ruwa da lantarki

Tirjiyar ƙasa tana da nata amfani. Wataƙila kun taɓa ganin ma'aikata kafin haƙa rijiyar burtsatse suna jan dogayen wayoyi, suna kafa ƙarafa huɗu a layi ɗaya. Biyun waje suna tura wuta cikin ƙasa, biyun ciki suna auna gangaren da ta haifar. In aka ƙara nisa tsakanin na waje, wutar takan nutsa ƙasa sosai, sai a san abin da ke can ƙarƙashi. Wani Bafaranshe, Conrad Schlumberger, shi ya fara gwada wannan dabara a 1912. Laka tana nuna tirjiya kaɗan, busasshen rairayi da dutse mai tauri suna nuna mai yawa, rairayi mai ɗauke da ruwan daɗi yana tsakani. A kudancin jiha, wajen Ɗan Isa da bakin iyaka, inda dutse yake kusa da sama, ruwa a cikin tsagogin dutse da ruɓaɓɓen samansa yake ɓuya, awon nan kuma yana taimakawa a gane inda suke. Da ƙasa kamar jan ƙarfe take, da na'urar ba ta nuna komai ba ko'ina aka kafa ta.

Sai dai awon yana nuna inda ake sa ran ruwa ne, ba ya faɗin ko ruwan na sha ne. Mutanen Tibiri sun san wannan da ciwo. Daga 1985 zuwa wajen 2000 an sha ruwan wata rijiya mai zurfi da ke ɗauke da sinadarin fuliyo fiye da sau uku na miligiram ɗaya da rabi a lita, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade. Haƙoran yara da yawa suka rine, ƙasusuwan wasu suka tanƙware. Duk sabuwar rijiya, kwamitin gari ya nemi a kai ruwanta ɗakin bincike, a ba shi sakamakon a rubuce.

Gwaji domin aji

Malamin aji ya tanadi pil uku, da ƙaramin ƙwan cocila na zamani, da waya, da ƙusa biyu. A jera pil ɗin, a haɗa su da ƙwan, a yanke wayar wuri ɗaya, a ɗaura ƙusa a kowane baki. In ƙusoshin suka taɓa juna, ko aka ɗora su kan cokalin ƙarfe, ƙwan zai kama sosai. In bai kama ba, a juya ƙafafunsa. Sannan a soka ƙusoshin cikin kwanon busasshen rairayi, da ratar yatsa biyu: ba za a ga komai ba. A jiƙa rairayin da ruwan rijiya, a duba cikin duhu. A ƙara ruwan gishiri ko na kanwa, a sake dubawa. Daga nan a riƙa nisanta ƙusoshin, kowa ya faɗi abin da ya gani. A kawo lakar fadama da rairayin jigawa a gwada su gefe da gefe. Da pil kaɗai ake wannan gwaji, kada a kusanci kuran na gida.

Gwaji na biyu na Faraday ne. A kunna ƙaramar rediyo mai pil a kan gajeren zango, a naɗe eriyarta, a ɗora ta kan tsumma cikin akwatin ƙarfe ko babbar tukunyar ƙarfe, a rufe, a kasa kunne a ji abin da zai sami tashar. Sannan a sa ta cikin kwando ko tukunyar ƙasa, a rufe, a kwatanta.